Ranar Da Garehul Ya Kayar Da Ni a Tsakiyar Kasuwa

Sallama a gare ka mai kula da wannan shafi, da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta, domin abin da ya same ni rabinsa abin dariya ne, rabinsa kuma har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake wanda ya saba cin kasuwar Matameye ba zai sha wahalar gane ni ba.

Ni mai shela ne, gado na yi. Mahaifina da baki da ƴar ganga ya yi tasa, ni kuma zamani ya rataya mini amsa-kuwwa mai batir a kafaɗa. In akuya ta ɓata ni ake nema, in za a yi wa yara rigakafi ni ake kira, in an tsayar da ranar sharar gari ni ke zagaye unguwanni. A lokacin da nake ba ku labari na haura hamsin, ina da tumbi irin na masu rufin asiri, ga son zaƙi kamar ƙuda. Babban ciwona kuwa ba a ciki yake ba, a kai yake. Saboda na shekara da shekaru ina yi wa asibiti shela, sai na fara jin kaina rabin likita. Na haddace sunayen cututtuka da Faransanci, in ana hirar rashin lafiya a fadarmu, wurin da muke zaman shayi bayan la'asar, ni ke yanke hukunci. Ba wanda ke musu da ni. A da ina zaton ilimina suke girmamawa.

Ciwon ya fara da ƙishirwa da yawan zagayawa. Sai ina tsakiyar shela, na kai daidai wurin da ya kamata mutane su ji ranar taro, sai in katse in nemi bayan katanga. Maiɗakina ta yi ta fama da ni in je a duba ni, ina ce mata ai asibiti gidana ne, in da wani abu da tuni sun gani a fuskata. Ranar da ta ce in ban tafi ba ita za ta ɗauki amsa-kuwwar ta sanar wa unguwa yawan fitata, ranar na tafi. Majo, wato babbar mai jinya da ke riƙe da asibitinmu, mace ce ƴar gajera wadda ba ta kai ƴata ta fari shekaru ba, amma ko sojan gwamna ba ya yi mata wargi. Ta soki yatsana, ta ɗaure mini dantse, ta dubi na'urorinta, sannan ta ce da ni, Baba, ga sukari ga hawan jini, tagwaye ka haifa. Ta rubuta mini ƙwayoyi iri biyu, ta ce in riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma kada in haɗa maganin da wani abu, na gargajiya ko na zamani, sai na tambaye ta. Na yi ta gyaɗa kai, amma gaskiya ba saurare nake ba. Tunani nake yadda zan tsara wannan jawabi nata in da shela aka ba ni.

Wanda bai taɓa zama mai ciwon sukari a garin rake ba bai san jarrabawa ba. Ka fito ƙofar gida amalanken rake, ka shiga tasha rake, ka je gaisuwar suna a miƙo maka alkaki. A fada aka ware mini ƙaramin kofi na shayi ba sukari, abokaina suna kurɓa suna lumshe ido, ni ina kurɓa kamar mai shan sabara. Wata uku na yi a haka, ina shan ƙwayoyina, jikina ya yi sauƙi, amma raina na neman hanyar da za a ce an warke gaba ɗaya in koma wa rakena.

Ana nan sai wani saƙon murya ya shigo wayata, irin wanda ake turawa daga hannu zuwa hannu ba a san mafarinsa ba. Wani mutum ne mai murya kamar an shafa mata man shanu, yana bayani a natse cewa akwai wani ƙaton lemo mai ɗaci da ke wanke sukari daga jini kamar yadda sabulu ke wanke maiƙo, wai likitoci sun sani ɓoyewa suke yi. Na saurare shi sau bakwai. Ni da na fi kowa sanin cewa murya sana'a ce, kuma mai daɗin murya yana iya sayar maka da rairayi a bakin gulbi, ni ne murya ta kama. Na ce a raina ai ma hankali ya ɗauka, ɗaci shi ne kishiyar zaƙi, in suka haɗu dole ɗaya ya bar wa ɗaya gida.

Lemon kuma bai yi mini wuyar samu ba. Ina da wani tsohon aboki mai garka ta wajen Ɗan Barto, wanda ya taɓa sayo dashe daga tsallaken iyaka da sunan lemon zaƙi. Shekara biyar yana ban ruwa yana lissafin arziki, da itatuwan suka tashi haihuwa sai suka zubo waɗansu ƙatti rawaya, kowane kamar kan jariri, ga ɗaci ga tsami. Ba mai saye, yara ma ba sa sata. Shi lemon baƙin ciki yake kiransa. Wani tsohon mushe, wato malamin boko, da ke zama a fadarmu, wanda ya gama koyarwa a makarantar lakwal ya huta, ya ce sunansa famfilimus da Faransanci, mutanen tsallake kuma garehul suke cewa. Da na je wa abokina da buƙata, har rungume ni ya yi. Ya cika mini buhu, ya ɗaura mini a bayan kabu-kabu da hannunsa, ya ce in ya ƙare in dawo da amalanke.

Ranar da na fara ɓare shi na kai baki, maiɗakina ta saki muciya ta yi salati, ta zaci iska ce ta buge ni bakina ya karkace. Na daure na haɗiye, hawaye na zuba, na ce mata haka magani na gaskiya yake. Na fara da ɗaya kowace safiya, na koma biyu, na koma uku. Daga baya na ga tauna na ɓata mini lokaci, sai in matse shi a kwanon sha in kora ƙwayoyina da shi, wai don su shiga tare su yi aikin gayya. Da yake yana cika mini ciki, sai na daina karin kumallo, na ce ai rage ci ma taimako ne. Ta tuna mini abin da majo ta ce game da tambaya, na amsa mata cewa majo magani ta hana haɗawa, wannan kuwa ɗan itace ne, ba a neman izini kafin a sha lemo.

Ba a yi kwana goma ba jikina ya fara magana. In na miƙe daga tabarma sai in ga gari ya yi duhu na ɗan lokaci. Kaina ya riƙa sarawa, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, da hantsi kuma sai zufa ta karyo mini, hannuna na rawa. Mai hankali da ya ga haka asibiti zai nufa. Ni kuwa murna na yi. Na shaida wa maiɗakina cewa zufar nan sukari ne ke fita ta fata, in ba ta yarda ba ta shanya rigata a ƙasa ta ga ko kiyashi ba su taru ba. Ta shanya, ko ɗaya bai zo ba. Na ce ai kiyashin gidan nan sun ƙoshi ne.

Da a kaina abin ya tsaya da sauƙi. Amma mai shela bai iya riƙe labari ba. Na ɗebi garehul na kai fada, na raba wa dattawa uku da na san suna shan magani: wani Alhaji mai shagon kayan masarufi, da ladanin masallacinmu, da shi tsohon mushen. Bayan kwana biyu na tambaye su, kowa ya yaba. Alhaji ya ce jikinsa ya yi sakayau, ladan ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, mushe ya ce abin sai wanda ya gani. Wannan shaida ta ƙara hura mini kai. Sai na tuna da yayata da ke zaune a Icirnawa, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta tauna ta ba ni, kuma ita ma ta daɗe tana shan ƙwayar hawan jini. Na zaɓo manya-manya goma sha biyu na kai mata da kaina, na ce Yaya ta riƙa shan ɗaya kowace safiya tare da ƙwayarta, tunda yana wanke jini ai ba zai zaɓi cuta ba. Ta karɓa da hannu biyu ta sa mini albarka.

Sai ga ranar da Allah ya nufa asirina ya tonu. Majo ta aiko a ce mini in yi shela ranar kasuwa cewa za a yi gwajin sukari kyauta a asibiti, kowa ya zo da safe kafin ya ci komai. A safiyar kuma wani makiyayi ya tare ni da cigiyar akuyarsa ja mai ƙaho ɗaya. Na ce aiki biyu ke nan, bari in gyara murya. Na matse garehul huɗu, na kora ƙwayoyina, ban sa ko ƙwayar gero a ciki ba, na saɓi amsa-kuwwa na shiga rana. Layin ƴan hatsi lafiya, layin ƴan tukwane lafiya. Ina shiga layin masu rake sai na ji ƙasa ta yi laushi kamar ina taka katifa, fuskokin mutane suka zama biyu-biyu. Na daure na danna maɓalli na buɗe baki. Abin da aka ce na faɗa, kuma mutane da yawa sun rantse sun ji, shi ne: "Jama'a ku saurara! Gobe da safe za a yi gwajin akuya kyauta! Duk wanda ya tsinci sukari ja mai ƙaho ɗaya, ya kai shi asibiti kafin ya ci komai!"

Kasuwa ta fashe da dariya, an zaci sabon salo na ƙirƙiro. Ni kuwa ina gama faɗa sai na tafi luu, na zube cikin tulin tumatirin wata baiwar Allah. Abin takaici, na faɗi a kan amsa-kuwwar, maɓallin ya danne, bakinta na daidai haɓata. Duk nishin da na yi har ƴan tasha sun ji. An ce na kira mahaifiyata da ta rasu tun ina yaro, an ce na roƙi a gaya wa maiɗakina ta yafe mini maganar kiyashi. Da mutane suka ga jan tumatir a rigata sai aka fara kururuwa an soke mai shela. Wani ya ce aljanu ne, wani ya kawo albasa ya tura mini a hanci, wani ya fara karanto mini kalmar shahada.

Wata dattijuwa mai sayar da rake ce Allah ya nufa da cetona. Ashe marigayi mijinta da wannan ciwo ya zauna shekaru. Ta ture mutane, ta taɓa goshina ta ji zufa mai sanyi, ta tambaye ni ko na ci abinci, na girgiza kai. Nan da nan ta karɓo sukari wurin mai shayi ta dama da ruwa, ta sa aka tallabo ni zaune tunda idona biyu kuma ina iya haɗiya. Ni kuma da sauran taurin kaina na kau da baki, na sanar wa kasuwa duka ta cikin amsa-kuwwa cewa ni sukari haramun ne a gare ni. Ta ce in ban buɗe baki ba za ta toshe mini hanci ta yi mini ɗura kamar jinjiri, ta yi wa ƴaƴa tara ba a kaina za ta gaza ba. Na sha. Kafin wani lokaci mutane suka koma ɗaya-ɗaya a idona. Aka ɗora ni a kan amalanken rake, a kan raken kansa, aka nufi asibiti da ni, rabin kasuwa na biye.

Majo ta gwada ni, ta ɗaura mini ƙarin ruwa, ta ce sukarina ya yi ƙasa, jinina ma ya faɗi warwas. Ta tambaye ni me na ci, me na sha, me na ƙara a kan maganinta. Na ce babu komai, rana ce kawai. Ban rufe baki ba sai ga maiɗakina ta shigo da sauran buhun a ka, ta dire shi a tsakiyar ɗaki, garehul suka gangara har ƙarƙashin gadaje. Ta koma gefe ta naɗe hannu. Majo ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta dube ni, irin kallon da ake yi wa yaron da aka kama da hannu cikin tukunya.

Ta zauna ta yi mini bayani, wannan karon kuma na saurara. Ta ce garehul ba guba ba ne, mai lafiya ya sha abinsa, kuma ba kowane magani yake rikici da shi ba. Amma akwai wani abu a cikinsa da ke hana jiki narkar da waɗansu ƙwayoyi, sai su taru a jini, ƙwaya ɗaya ta yi aikin da ya fi ƙarfinta. Ƙwayar hawan jinin da nake sha tana cikin waɗanda ba sa shiri da shi sam, ita ta kawo jiri da kumburin ƙafa. Ta sukarin kuma irin wadda ke saukar da sukari ce ko ka ci ko ba ka ci ba, ni kuwa na sha ta a kan yunwa na shiga rana. Ta ce ko da na raba su, lemo da safe ƙwaya da yamma, ba lalle in tsira ba, don aikinsa na kwana a jiki. Sannan ta tambaye ni ko na ba wani. Nan gabana ya faɗi.

Aka aika a kira dattawan fada uku, suka zo suka jeru a bakin gadona, majo ta titsiye su. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce shi gaskiya ragunansa ya ba, su ma suka sunsuna suka bar shi. Ladan ya ce ɓari ɗaya ya lasa, ya ji maƙogwaronsa ya tsuke, ya ji tsoron kada asuba ta yi ya kasa kiran salla, sai ya binne sauran. Mushe ya ce nasa suna nan lafiya a kan tebur, da su yake nuna wa jikokinsa yadda duniya ke zagaye rana. Na tambaye su to shaidar da suka ba ni fa? Alhaji ya ce ai bai yi ƙarya ba, jikinsa ya yi sakayau tunda bai sha ba. Mushe kuwa ya fito mini fili, ya ce shekara ashirin ba su taɓa musu da ni ba, ba don na fi su sani ba, sai don ba a jayayya da mutumin da ke da amsa-kuwwa. Na yi dariya har robar ƙarin ruwan na rawa, majo ma sai da ta juya baya.

Dariyar ba ta daɗe ba, domin an yi ta kiran wayar yayata ba a ɗauka. Can sai maƙwabciyarta ta amsa. Ta ce ai shekaranjiya Yaya ta miƙe daga wanke-wanke jiri ya kwashe ta, ta faɗi a kan hannu, wuyan hannun ya karye, maɗori ya ɗaure. Ta hana a gaya mini, wai kada raina ya ɓaci in ga kamar maganina bai yi ba. Kuma ko a safiyar ranar sai da ta sa aka ɓare mata ɗaya ta sha. Cikin duk waɗanda na ba, ita kaɗai ce ta yarda da ni.

Aka ɗauko ta a mota, majo ta tarar jininta ya fi nawa faɗuwa. Aka kwantar da ita ɗakin mata. Da na samu ƙarfin tashi na ja ƙarfen ƙarin ruwana na je na durƙusa gaban gadonta, ƙato da ni, rigata duk tumatir. Ta ɗora lafiyayyen hannun a kaina ta ce: "Tashi, auta. Wallahi kullum da hawaye nake shan abin nan. Amma na ce kai ne mai yi wa asibiti shela, ba za ka kawo mini abin da zai cuce ni ba." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Allah ya taƙaita, kwana biyu aka sallame mu. Ranar kasuwa ta gaba ba wanda ya aike ni, ni na aiki kaina. Na bi layi-layi na faɗi abin da na yi da abin da majo ta ce, na tsaya na ba mai tumatir haƙuri, na yi wa dattijuwa mai rake godiya a gaban jama'a. Mutane sun yi dariya, amma an ce washegari layin gwaji ya fita har bakin ƙofar asibiti, waɗansu da ledar magungunansu da saiwoyinsu a hannu suna tambaya. Makiyayin nan ma ya samu akuyarsa, ya ce duk garin ba wanda bai haddace kamanninta ba.

Abin da na koya shi ne, jin magana a bakin masani sau ɗari ba ya mai da kai masani. Kuma ba duk abin da ya fito daga itace ne ke zaman lafiya da abin da ya fito daga kwalba ba. Ina roƙon duk mai shan maganin sukari, ko na hawan jini, ko wani magani na kullum, kafin ya ƙara komai, ko garehul ne, ko jiƙo, ko abin da ya ji a waya, ya ɗauke shi ya kai wa wanda ya rubuta masa maganin ya tambaya. Kada ya sha ƙwayar sukari ya zauna da yunwa. In ya ji jiri, ko rawar jiki, ko zufa mai sanyi, kada ya yi wa abin fassara irin tawa, ya nemi asibiti. Wanda kuma ya ga ɗan'uwansa na shirme, ya faɗa masa gaskiya ko da zai yi fushi, yabon kara ba ya warkar da kowa. Sama da duka, kada ka raba wa mutane maganin da ba ka san kansa ba, domin masu wayo za su ba raguna, wanda ya fi ƙaunarka shi zai haɗiye.

Hannun Yaya ya ɗoru, amma bai koma daidai ba. Ba ta iya daka, ba ta iya ɗaga tulu. Duk ranar Lahadi ina Icirnawa, in cika mata randuna in faskara mata itace, in ta kama har surfe nake yi, matan unguwa na leƙe ta katanga suna ƙyaƙyatawa. Ita kuwa tana zaune a inuwa tana gyara mini riƙon taɓarya, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya.